Amalanken da Muka Yi wa Tanko

Gidan ɗana da nake zaune a cikinsa yanzu, a unguwar Takur cikin birni, ba shi da ƙasa. Daga bakin ƙofa har bayan kicin an shafe ko'ina da siminti, in aka yi ruwan sama sai ya bi ta wani bututu ya fice titi kamar wanda aka kora. Gida ne mai kyau, Allah ya saka wa mai shi da alheri, ban rasa komai ba. Amma da safe idan na shimfiɗa tabarma a inuwar katanga ina jan carbi, nakan kalli jikokina suna zagaya tsakar gidan, babu abin da za su tona, babu abin da za su tsinta. Tsinke ɗaya in ya faɗi, uwarsu ta share shi kafin hantsi. Sai su gaji su koma ɗaki su kwanta da waya. Kayan wasan da ake sayo musu kuwa a gama suke zuwa, da fentinsu da batirinsu. Yaro ya danna, abin ya yi kuka ya zagaya, bayan 'yan kwanaki ya mutu a jefa shi cikin shara, ba wanda ya tambayi me ke cikinsa.

Mu a ƙauyenmu, can gefen Kafin Hausa, ƙasa muka buɗe ido muka gani, ita da kara. Abin da ke tashinmu da safe shi ne luguden tabarya daga gidan maƙwabta, da kukan zabi a bayan danga, da ƙarar guga in ya bugi bangon rijiya. Yarinya tana tashi ta san aikinta: ta share gaban ɗaki, ta kai wa awaki dusa, ta ɗebo ruwa, ta wanke ƙoren fura. In an gama wannan, sauran ranar tamu ce. Bayan girbi kuwa sai duniya ta zama ta yara, don kara yakan taru a bayan gida tsibi-tsibi, ya fi mu tsayi. Mu ɓare ɓawonsa da haƙori, mu fitar da totuwar nan fara mai laushi ta ciki, ita ce katakonmu, ƙayar aduwa ita ce ƙusarmu. Maza su yi mota da ƙafafun sakaina, su yi tabarau, su yi akwatin rediyo har da eriya. Mu mata mu je bakin kududdufi mu ɗebo yumɓu mu gina tukwane ƙanana da murhu da rumbu, mu jera su a rana, in sun bushe mu lallaɓa mu tura su cikin tokar murhun gida su gasu. Rabi su fashe. Gobe a sake.

Babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana. Ƙarami yakan tsuguna kusa da babba ya zuba ido, a aike shi ya tsinko ƙaya, wata rana a wayi gari shi ma ya iya. Manya ba su shiga, ba su kuma hana, sai dai in an taɓa wuƙar yanka ko an kusanci rumbu da wuta. Kakarmu, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Dada, ita ce takan zauna a bakin ɗakinta tana kaɗi tana kallonmu. In mahaifiyarmu, Iya, ta fito tana faɗan mun cika mata tsakar gida da ɓawon kara, Dada takan ce, “Bar su su ɓata, ai da tsintsiya a gidan.” In kuma ta ga ɗayanmu zaune shiru ya ɗora hannu a cinya, sai ta kira shi ta taɓa goshinsa, wai yaron da hannunsa ba ya motsi zazzaɓi ke damunsa.

A duk yaran unguwarmu babu mai hannun ƙanena Tanko. Shi ne namiji ɗaya a ɗakinmu, ya zo bayan mata. Yana cikin koyon gudu shan inna ya kama shi, ya yi kwanaki yana zafin jiki, da ya tashi ƙafafunsa biyu ba su tashi tare da shi ba. A tsakar gida jan jiki yake yi da hannuwa, kuma saurinsa sai wanda ya gani. Da yake shi ba ya zuwa kiwo, ba ya zuwa farautar ɓera, wunin duniya yana gindin darbejiyar gidanmu da kara a cinya. Motar sauran yara ja ake yi kawai. Tasa tana da ƙofar da ke buɗewa, tana da sitiyarin da in ka murɗa ƙafafun gaba su juya. Manyan yara da suka girme shi sukan zo su tsuguna a gabansa da motocinsu da suka karkace, ya karɓa ya juya su a hannu, ya ce, “Nan ne ka matse da yawa.” Dada tana ce masa maigidanta, irin wasan kaka da jika, in ya gama wani abu ita yake fara kai wa.

Ni ce ƙafarsa. Makarantar allonmu tana ɗaya gefen gari, sai an wuce rijiya, an bi ta wani lungu mai yashi da tsidau, wanda ba a bin sa da gwiwa. Kullum nakan goya shi, allonsa da nawa a hannunsa, ƙafafunsa suna lilo a gefena. Yana ƙarami abin bai dame ni ba. Amma yaro girma yake yi, kafaɗunsa suka buɗe saboda jan jiki, ni kuwa ga ni siririya. Na fara tsayawa a hanya ina hutawa. Daga baya bayana ya riƙe, har in na sunkuya daka sai na ji kamar an soka mini tsinke. Ban faɗa wa kowa ba, Iya ce ta lura da yadda nake tashi daga tabarma. Ranar nan bayan la'asar Baba ya kira mu zaure. Mutum ne mai tsare gida, ba ya maimaita magana.

Ya ce, “Daga yau goyo ya ƙare. Ba zan gyara ɗaya in karya ɗaya ba. Tanko zai zauna a gida, in na dawo gona ni zan riƙa biya masa.”

Mun san Baba da gaske yake nufi, mun kuma san yadda yake dawowa daga gona, ko tuwo da ƙyar yake gamawa barci bai ɗauke shi ba. Washegari na ɗauki allona ni kaɗai. Da na waiwaya daga bakin zaure na ga Tanko ya juya fuskarsa wajen danga. Yaron da ya fi kowa saurin hadda a makarantar, ga shi an bar shi da kaji. Ya daina taɓa kara. Yara suka zo da motocinsu ya ce su tafi. Dada ta taɓa goshinsa ta ce babu zazzaɓi, amma abinci ma sai ta zauna a kansa yake ci.

Ana nan wata rana na dawo daga makaranta na tarar da shi da kara a cinya kuma. Ya yafito ni. Abin da ya yi ba mota ba ce, wani ɗan akwati ne buɗaɗɗe a kan ƙafafun sakaina biyu, da dogayen hannuwa biyu a gaba, irin amalanken da muke gani ranar kasuwa. Ya ɗora ƙwallon goruba a ciki, ya kama hannuwan da yatsa biyu ya ja.

Ya ce, “Yaya, gorubar nan ni ne. Yatsun nan ke ce. Nauyin ba a bayanki yake ba, yana kan ƙafafun.”

Na ce, “To ina za mu samu ƙafafun da za su ɗauke ka? Sakaina ce za ta ɗauki mutum?”

Ashe ya riga ya gama zagaya gidan da ido. A bayan turken awaki akwai tsohon komi, wato guntun icen da aka fafe ake zuba musu ruwa, wanda ya tsage aka yar. Wannan shi ne mazauni. Akwai guntuwar tabarya da ta karye, ita za ta ratsa ta ƙasa ta riƙe ƙafafun. Ƙafafun kuwa, ya rage murya ya nuna ɗakin Dada da haɓa. Akusanta yake nufi, baƙaƙen nan biyu masu kauri da ta zo da su tun aurenta, waɗanda ba a fito da su sai da baƙo.

Ni na kasa zuwa, shi ya ja jiki ya je da ɗan amalankensa na kara. Dada ta ajiye mazarinta ta saurare shi har ƙarshe, ta karɓi abin ta gangara shi a kan tabarma, ta sake gangarawa. Sai ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da akusan ta kife su a gabansa. Ta ce, “Maigida, ni yanzu tuwon da nake ci ko a tafin hannu ya isa. Amma wuta a gabana za a hura, ba a bayan rumbu ba.”

Huda akushi ba wasa ba ne. Icen ya sha shekaru ya sha mai, wuƙa ba ta kama shi. Tanko ya ce a sa garwashi. Mukan ɗora ƙwaya ɗaya a tsakiyar gindin akushin, ya riƙa hura ta da bututun ganyen gwanda, in wurin ya ƙone ni kuma in kankare baƙin da tsinin tsohon lauje, a sake ɗora wani. Hayaƙi ya sa idanunmu suka yi ja. Mun yi kwanaki a kan haka, tsakanin aike da aike. Yaran unguwa suka ji labari suka dawo, wani ya saro mana sanduna biyu na darbejiya, wata ta sato igiyar rama daga ɗakin babanta. Muka fere bakin tabaryar har ya shiga hujin, muka ɗaure komai tamau, muka naɗa tsumma a ƙarshen tabaryar don kada ƙafar ta fita. Baba yakan gan mu ya wuce abinsa. Ina jin ya ɗauka wasa ne irin na kullum, ya ɗan fi girma kawai.

Ranar gwaji muka ɗora Tanko a cikin komin, na shiga tsakanin sandunan na ɗaga. Wallahi sai na ji kamar ƙwaryar gari na ɗauka. Muka fita ta zaure, abin yana kuka ƙiii-ƙiii, yara suna biye da mu. Daɗi ya ɗebe ni na fara sauri. A gangaren da ke kusa da rijiya tsumman ya zame, akushin dama ya fice ya yi gaba shi kaɗai, komin ya kife. Tanko ya faɗi ta fuska a kan wani dutse. Da na ɗago shi leɓensa ya fashe, jini ya wanke masa gaban riga, haƙori ɗaya yana hannunsa. Matan da ke ɗiban ruwa suka yi kanmu suna salati. Shi kuwa, bakinsa cike da jini, abin da yake ce mini shi ne in je in ɗauko akushin kada wani ya tafi da shi.

Baba ya dawo ya ga bakin yaron. Bai dake ni ba, da ma ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Ƙafa ta tafi, yanzu kuma kai kuke so ku fasa masa? A faskara abin nan a sa a murhu.”

Iya ta tashi za ta ɗauko gatari. Dada ta ce daga bakin ɗakinta, “Akusan nawa ne, ban ba da su a yi itace ba.” Sannan ta dubi Baba, ta yi magana a hankali yadda ba ta saba yi masa a gabanmu ba. “Ka ga jinin leɓe ka tsorata. Ni kuwa da nake wuni da shi na ga abin da ya fi jini. Yaron nan tun da ka zaunar da shi ko dariya bai yi ba sai da ya fara aikin nan. Abu ya faɗi sau ɗaya, shi ya san inda ya faɗi. Ka tambaye shi mana.”

Baba ya juya wajen Tanko ya ce, “To, me ya kayar da kai?”

Tanko ya ce, da kumburarren baki, “Tsumma ne, Baba. Tsumma ba ya riƙe ice. Sai an huda bakin tabaryar an sa turke.”

Baba ya dube shi. Ya ce, “Ku gyara. Amma ba za ka sake hawa ba sai na ɗora masa buhun gero na kai shi rijiya na dawo da kaina. In ya karye, magana ta ƙare.”

Wannan karon ba mu yi gaggawa ba. Muka gasa ƙusa a wuta har ta yi ja, muka huda bakin tabaryar gefe da gefe, Tanko ya fere 'yan turaku daga icen aduwa muka buga. Ya sa na yanko faifai ƙanana daga tsohon guga na fata muka saka tsakanin akushi da turke don kada su ci juna. Dada ta ba mu man kaɗe muka shafe wurin, kukan ya ragu. Muka ɗora duwatsu muka zagaya tsakar gida, muka kwance inda ya yi sako-sako muka sake ɗaurewa. Ranar Juma'a da hantsi, da yake ba a zuwa gona, Baba ya fito da buhun gero wanda ya fi Tanko nauyi nesa ba kusa ba, ya jibga a cikin komin. Na ji icen ya yi ƙara. Ya kama sandunan ya fita. Mu aka ce mu jira a zaure. Ban taɓa jin tafiya rijiya ta yi tsawo irin ta ranar ba. Tanko ya kama gefen zanena ya riƙe, bai sani ba ma. Sai muka jiyo ƙiii-ƙiii ɗin nan sama-sama tana matsowa.

Baba ya shigo ya sauke buhun, ya tsuguna ya juya ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya bi bakin akusan da babban yatsa. Ya ce, “Bakin nan zai tsage in ya daɗe yana cin tsakuwa.” Ya shiga ɗakinsa ya fito da igiyar fata, ya jiƙa ta, ya zauna a ƙasa tare da mu, abin da ban taɓa gani ba, ya naɗe bakin kowane akushi da ita. Tanko ne ke nuna masa inda zai ƙulla, shi kuma yana bi.

Washegari na shirya zan ja, Baba ya ce in riƙe alluna. Shi ya ɗauki Tanko ya zaunar a cikin komin, ya gyara masa ƙafafu, ya shiga tsakanin sandunan. Haka muka ratsa gari, magidanci da furfura a gemu yana jan amalanken yara, mutane suna fitowa ƙofar gida suna kallo, wasu na murmushi, yana amsa gaisuwarsu kamar ba komai. A bakin makaranta karatu ya tsaya cak. Malam ya taso ya zagaya abin, ya tambayi wane kafinta ne ya yi. Baba ya ce, “Ga kafintan nan a zaune a ciki, shi da yayarsa.” Ya juya ya tafi gona da sauri, don bai so a ga idonsa.

Amalanken nan ya yi mana shekaru. Yara har faɗa suke yi a kan wanda zai ja. A cikinsa Tanko ya je gona ya ga gero a tsaye, a cikinsa ya je kasuwa, a cikinsa ya sauke karatu. Da ya girma ya zauna a wajen wani mai gyaran keke a Kafin Hausa, daga keke ya koma rediyo da keken ɗinki, har ya buɗe rumfarsa, ya yi aure, ya aurar. Yanzu gemunsa fari fat, yana yawo a babur mai ƙafa uku, kuma tabon nan na leɓe yana nan.

Na daɗe ina ganin irin wannan ƙuruciya ta tafi ke nan, tunda karan ma yanzu sayar da shi ake yi, kududdufin da muke ɗiban yumɓu kuwa an cike shi an yi gini. Amma kwanakin baya wani abu ya faru da ya sa na rage wannan tunani. 'Yar rediyona da nake jin labarai da ita ta faɗi daga kan taga ta yi shiru. Na ajiye ta a gefe na shiga wanka. Ina fitowa na tarar da jikokina biyu, Hafsatu da ƙanenta, sun samo sukurdireba a akwatin motar babansu, sun buɗe ta, hanjinta duk a waje a kan tabarmata. Ubansu ya fito zai fara faɗa. Na ce masa ya bar su, rediyon tawa ce, kuma da ma a mace take.

Suka yi ta juya ta ba su gane komai ba. Sai Hafsatu ta ɗauko wayar nan da nake yi wa kallon abokiyar gaba, ta kira Kawu, don haka suke ce wa Tanko yadda suka ji ubansu yana faɗa, ta irin kiran da ake ganin fuska. Ga shi nan a rumfarsa da tabarau a kan hanci. Bai gaya musu abin da ya lalace ba. Ya ce, “Matso da ita in gani. To, ku bi jar wayar nan da ido, daga ina ta taso, ina ta nufa?” Suka bi, suka yi gardama, suka sake bi. Ƙaramin ne ya gano ta tsinke a gindin gidan batir. Suka fere bakinta da reza ina tsaye a kansu, suka maƙala ta, suka danne da guntun kwali. Abin murɗawar ya ɓace tun faɗuwar, suka huda murfin robar ruwa suka cusa a wurin. Da suka mayar da batir rediyon ta yi tari, sai ga muryar mai labarai ta cika tsakar gida. Yaran suka tsaya suna kallon juna.

Tun ranar uwarsu ta ajiye musu wani tsohon bokiti a bayan kicin, a nan suke tara murafai da kwalaye da wayoyi da duk abin da ya mutu a gidan. Rediyon tana gefena yanzu, an ɗaure ta da roba don ƙusoshinta biyu ba su koma ba, kuma sai an ɗan jingina ta da bango take magana. Ɗana ya ce zai sayo mini sabuwa in ya shiga kasuwa. Na ce masa ya bari, wannan tana da masu gyara a gida.